Ƙofa Nawa Gare Ka? Jijjiga Kwaɗo a Duniyar Kwamfuta

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta.)

 Ina gaida mutanen Ikara da Paki da Saulawa, da na Makarfi da Gubuci da Tashar Yari, da na Hunkuyi da Kudan da Likoro. Masu lodin rake sannunku da aiki. Masu ban-ruwan inabi da tumatir, Allah ya ba da kasuwa.

Da mai gadin kasuwa zan fara yau. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da layin shaguna ya san zagayen da yake yi bayan sallar isha'i, tocila a hannu, gora a hammata, yana bin shago ɗaya bayan ɗaya yana jijjiga kwaɗo. Wanda ya tarar a datse, ya wuce. Wanda ya tarar an saƙala kawai ba a danna ba, ya aika a taso mai shagon. Can wajen ƙarfe biyun dare wani ma yana iya bin layin nan yana jijjiga kwaɗon, hannu iri ɗaya, dabara iri ɗaya. Shi wannan in aka kama shi, sai dai Allah ya ƙwace shi a hannun mutanen gari. Wancan 'yan kasuwa ne suka ɗauke shi suke biyansa. Wannan ba wanda ya aike shi.

To, a harkar kwamfuta ma akwai sana'ar jijjiga kwaɗo, ana ce mata gwajin kutse. Banki ko makaranta ko kamfani zai ɗauko masani ya ce masa, ga kwamfutocina, gwada shiga kamar yadda ɓarawo zai gwada, ka rubuto mini inda ka samu kafa. Aikin yana da matakai da yawa, amma yau biyun farko kaɗai za mu taɓa: ƙirga ƙofofi, wanda 'yan sana'ar ke kira sikanin, da kuma tambayar wa ke zaune a bayan kowace ƙofa.

Wani zai ce, Malam, mu da muke sayar da rake da mazarƙwaila ina ruwanmu da wannan? Da ruwanmu. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, shi ya sa duk yaron da ke neman jami'a sai ya bi ta shagon kwamfuta. Sannan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa kowa tiransifa da POS, har dillalin da ya rantse ba zai taɓa karɓar kuɗin da bai ƙirga da yawunsa ba. Yanzu a garuruwanmu akwai rauta mai ba da wayfai a shago, akwai kyamarar tsaro a gidan mai da kantin magani, akwai firinta da ake aika wa aiki daga waya. Duk waɗannan suna magana da junansu, kuma haɗuwarsu ita ake kira netwok. A lura, ba netwok ɗin nan da muke ɗaga waya sama muna nema a gona ba. Wannan unguwa ce ta na'urori, kowace da adireshinta.

Adireshin nan lambobi ne kashi huɗu da ɗigo a tsakani. A yawancin rautocin shago da na gida za ka ga ya fara da 192.168, kuma ƙaramar unguwa irin wannan tana ɗaukar na'ura har 254. Abu na farko da mai gwaji ke yi shi ne ya bi adireshin nan kaf yana tambaya, akwai mutum a nan? Wadda ke kunne za ta amsa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ya samu jerin mazauna unguwar.

Manhajar da aka fi yin wannan aiki da ita sunanta Nmap. Wani Ba'amurke mai suna Gordon Lyon, wanda aka fi sani da Fyodor, shi ya fitar da ita a watan Satumba na 1997, a mujallar Phrack. Kyauta ce har gobe, kuma ba a yi wata da ta ture ta ba. Masu biro a hannu, ga yadda ake ce mata ta ƙirga mazauna: nmap -sn 192.168.1.0/24. A rubuta a ajiye, kada a taɓa tukuna, akwai magana a gaba kan inda ya halatta a gwada.

Sai ƙofofin. Mutanenmu sun san birnin Zariya da ganuwarsa: Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kibo, Ƙofar Tukur-Tukur da sauransu. A da can kowace da mai tsaronta, kuma mai shigowa daga wata nahiya ya san ƙofar da zai nufa. Na'ura ma haka take, sai dai ƙofofinta sun fi gaban a ƙirga da yatsu: lambobinsu sun tashi daga 0 har 65,535. Galibinsu a rufe suke ba komai a baya. 'Yan kaɗan ne aka san su da aikinsu. Ƙofa ta 80 da ta 443 na shafukan intanet ne. Ta 22 hanyar da masani ke shiga ya sarrafa na'ura daga nesa cikin sirri, ta 23 kuwa tsohuwar hanya ce ta irin wannan aiki, ana ce mata Telnet, wadda ke ɗaukar kalmar sirri tsirara ba lulluɓi. Ta 445 ita kwamfutocin Windows ke miƙa wa juna fayil ta ciki. Ta 3389 in ta buɗe, mutum na iya zama a wata ƙasa yana ganin allon kwamfutarka yana juya ta. Ta 554 kyamarori ke turo hoto ta nan. In ba ka ce wa Nmap komai ba, ƙofofi 1,000 da aka fi amfani da su take dubawa, ta bar sauran.

Yaya take sanin ƙofa a buɗe take? A nan abin ya yi kama da al'adarmu sosai. Na'ura biyu ba sa fara zance sai an yi gaisuwa mai hawa uku. Baƙo ya yi sallama daga bakin zaure. Na ciki ya amsa ya ce a shigo. Baƙo ya ce to ga ni nan. Daga nan hira ta buɗe. Mai sikanin sallamar kawai yake yi ya kasa kunne. In an amsa masa, ƙofar a buɗe take, akwai mai jira a baya, shi kuwa sai ya juya tun bai sa ƙafa a zaure ba. In aka ce masa babu kowa a nan, ƙofar a rufe take, amma ko ba komai ya gane gidan da mutane. Amsa ta uku ita ce shiru. Ka yi sallama, ka ƙara, ka sake, ko tari ba ka ji ba. Wannan alama ce akwai katangar tsaro da ke haɗiye sallamar tun ba ta isa ba, kuma ita ce amsar da ta fi ba ɓarawo haushi, don ba ta gaya masa komai, ta kuma ci masa lokaci.

Akwai wani rukunin ƙofofi da ba ruwansu da gaisuwa, ana ce musu UDP. Su kamar ka jefa wasiƙa ta kan katanga ne, ko a amsa ko a share ka. Binciken su yana da jan rai, shi ya sa sababbin shiga suke tsallake su, kuma a nan ake barin ɓaraka.

(Gajeren kiɗa.)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da filin kimiyyar zamani, yau muna kan ƙirga ƙofofin kwamfuta.

Samun ƙofa a buɗe rabin aiki ne. In ka tarar da zaure a buɗe, abin da ya rage ka sani shi ne wa ke zaune a ciki, jarumin saurayi ne ko tsoho mai gyangyaɗi. Mataki na biyu ke nan. Manhajojin da ke bayan ƙofofin nan yawancinsu akwai su da surutu. Kana yin sallama za su gaya maka sunansu da lambar zubinsu, ko ba ka tambaya ba. In ka ƙara -sV a umarnin Nmap, za ta bi kowace buɗaɗɗiyar ƙofa ta jawo wannan bayani. Lambar zubin nan ita ce ƙashin bayan aikin, domin tun 1999 akwai kundi na duniya da ake kira CVE, inda ake rubuta kowace ɓaraka da aka gano a kowace manhaja da lambarta. Wanda ya san suna da zubi, dubawa kawai zai yi ya ga ko maƙerin ya taɓa sanar da cewa wannan samfurin kwaɗon yana buɗewa da ƙusa.

Tambayar ba ta tsayawa a suna. A ƙofa ta 445 ana iya tambayar kwamfuta, waɗanne jakunkunan fayil kika baza wa jama'a, su wa ke da asusu a kanki? A ƙofa ta 161, ta rukunin UDP ɗin nan, na'urori da yawa suna fitowa daga masana'anta da kalmar shiga guda ɗaya da kowa ya sani, wato public, kuma da ita za su zayyana maka cikinsu. Har zuwa nan ba a fasa komai ba. Tambaya ake yi, na'ura tana amsawa.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wani aminina yana da shagon kwamfuta a nan yankinmu, ana buga takardu, ana yi wa ɗalibai rajista, ga POS a gefe. Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, kasuwa ta yi sanyi, na ce masa, Alhaji, na'ura nawa ke kan wayfai ɗinka? Ya ƙirga da yatsu: kwamfuta huɗu, firinta, akwatin kyamara, sai ita rautar. Bakwai. Na ce ka yarda in duba? Ya ce bismillah. Na ce a'a, rubuta mini. Ya yi dariya ya ce, Malam, ni da kai har sai da takarda? Na ce ko da ɗan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yago takarda daga littafin bashi ya rubuta ya sa hannu da kwanan wata.

Na'ura 12 suka amsa. Biyar ɗin da suka ƙaru wayoyi ne: ɗaya tasa ce ya manta da ita, biyu na yaran shago, biyu kuwa ba wanda ya san masu su. Da muka waiwaya, ga kalmar sirrin wayfai an rubuta da biro a jikin bango kusa da soket, duk wanda ya zo cajin waya ya karanta. Akwatin kyamarar ƙofa uku ya bari a buɗe, har da ta 23, kuma sunan shiga da kalmar sirrin da ya zo da su daga kwali ba a taɓa canza su ba, don wanda ya haɗa masa ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Amma abin da ya sa Alhaji ya cire hula ya share gumi shi ne kwamfuta ta biyu. Ƙofarta ta 445 a buɗe, ga wata jaka da yaran suka baza don sauƙin tura aiki tsakaninsu, ba kalmar sirri. A ciki akwai hotunan takardun NIN na mutane, da sakamakon jarrabawa, da hotunan fasfo, na shekara da shekaru. Duk mai zaune a bencin mai shayi da ke da wayfai ɗin nan zai iya kwashe su yana kurɓar shayinsa. Kuma tun watan Yuni na 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su.

Ni ma ban fita lafiya ba ranar. Nmap da kanta tana tsallake ƙofa ta 9100 in tana tambayar zubi, saboda firintoci da yawa duk abin da aka aika musu ta nan bugawa suke yi. Ni kuwa garin nuna gwaninta na ce mata kada ta tsallake komai. Sai ji muka yi firinta ta farka tana zubo takardu cike da rubutun da ko aljani ba zai karanta ba. Alhaji ya dube ni ya ce, Malam, wannan gwaji ne ko ɓarna? Sai da na biya kuɗin takarda. Abin dariya ne a shago. A asibiti kuwa, ko inda na'ura ke riƙe da injin, sikanin da aka yi da garaje yana iya sa tsohuwar na'ura ta sume, shi ya sa masu sana'ar ke yarjejeniya kan lokaci da kan abin da ba za a taɓa ba.

A nan akwai abin da nake so a fahimta, don kada in tsorata mutane a banza. Yawancin rautocin da muke sa wa layin waya, kamfanin sadarwa yana ɓoye su a bayan nasa adireshin, mutumin da ke wata ƙasa ba ya ganin su kai tsaye. Haɗarinmu ya fi yawa daga ciki: wanda ya samu wayfai, ko filashin da aka soka ɗauke da cuta, ko kyamarar da mai haɗawa ya buɗe mata hanya ta waje don maigida ya riƙa kallon shagonsa daga Kaduna. Amma na'urar da ta fito fili, ba ta daɗewa ba a ƙwanƙwasa mata ba. Adireshin intanet na tsohon tsari kusan biliyan 4.3 ne, kuma a 2013 masana a Jami'ar Michigan suka fitar da manhajar ZMap da ke iya zagaye su duka a ƙofa guda cikin ƙasa da awa ɗaya. Akwai ma shafin Shodan, tun 2009, wanda aikinsa ke nan dare da rana, yana tara jerin na'urorin da ƙofofinsu ke buɗe. Ba sai wani yana da gaba da kai ba. Injin ne ke bin layi.

Duniya ta ga abin da ƙofa ɗaya ke jawowa. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa bin intanet tana neman ƙofa ta 23 a kyamarori da rautoci, tana gwada kalmomin sirri kusan 60 irin na cikin kwali. Da wannan kaɗai ta tara na'urori dubbai ɗaruruwa, aka yi amfani da su a ranar 21 ga Oktoba aka durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na sa'o'i. Irin akwatin Alhaji ne sak. Sai ranar 12 ga Mayu, 2017, WannaCry ta bi ta ƙofa ta 445 ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya kusan 19,000. Abin takaicin, Microsoft ta riga ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda suka sabunta kwamfutocinsu sun tsira.

Yanzu ga matasa, don na san akwai masu saurarona da hannunsu ke ƙaiƙayi. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta sa shiga kwamfuta ko netwok ɗin wani ba izini cikin laifuka, kuma hukuncin da ke sashe na 6 yana kaiwa ɗaurin shekara 5 zuwa 7, ko tarar naira miliyan 5 zuwa 7, gwargwadon abin da aka shiga nema. Kada wani ya ce ai ni sallama kawai na yi. Wanda aka kama da hannu a kan kwaɗon mutane da tsakar dare, bayaninsa a gaban alƙali zai yi shi.

Takardar izinin ma sai ta fito daga mai abu. A watan Satumba na 2019, a jihar Iowa ta Amurka, hukumar kotunan jihar ta ɗauki ma'aikata biyu na kamfanin Coalfire su gwada tsaron gine-ginen kotu. Suka shiga wata kotu da dare, ƙararrawa ta tashi, suka nuna takardarsu. Shugaban 'yan sandan yankin ya ce ginin na ƙaramar hukuma ne, jiha ba ta da ikon ba da izini a kansa. Suka kwana a tsare, kuma sai a watan Janairu na 2020 aka janye tuhumar. Mu nan mun san wannan: ɗan haya ba ya ba ka izinin fasa katangar maigida. Yaron shago ba zai ba ka izini kan kwamfutocin Alhaji ba, ɗalibi ba zai ba ka kan na makaranta ba. Takardar kuma ta faɗi adireshin da za a taɓa, da ranar, da lambar wanda za a kira in abu ya lalace.

To ina za a koya? A kan kayanka. Rautar gidanku in kai ne mai ita. In kana da laftof mai ɗan ƙarfi, ka sa VirtualBox, ka ɗora Kali Linux a gefe guda, a ɗaya gefen ka ɗora Metasploitable, wadda kwamfuta ce ta gwaji da aka gina da gangan cike da ɓaraka don ɗalibai. Duk kyauta ne, bayan an sauke su ko data ba sa ci. Masu Nmap ma sun ajiye wata na'ura a intanet mai suna scanme.nmap.org, sun yarda a gwada a kanta in ba a wuce gona da iri ba. Ilimin yana da kasuwa: Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa bankuna yin gwajin kutse a kai a kai, shirin gwamnatin tarayya na 3MTT da aka buɗe a 2023 yana da ɓangaren tsaron intanet, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa da mu a Samaru. Shawarata ga mai farawa, ya rage ɗokin fasawa ya koyi rubuta rahoto. Wanda ya ɗauke ka aiki ba ya biyan kuɗin allon da ya cika da lambobi. Abin da yake so a gaya masa cikin harshen da zai gane shi ne, ga ƙofar, ga haɗarinta, ga yadda za a rufe.

A shagon Alhaji dai, kafin la'asar ranar mun goge rubutun bango, mun canza kalmar wayfai da ta kyamara, mun rufe ƙofa ta 23, jakar nan kuma muka sa mata kalmar sirri, aka share takardun da aka gama aikinsu. Muka sake ƙirgawa, na'ura 10 suka amsa. Ba a jima ba wani matashi ya leƙo daga wajen mai shayi yana tambaya ko netwok ɗin shagon ya lalace ne.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Duk mai rauta ya juya ta, akwai takarda manne a ƙasanta ko a bayan batir mai ɗauke da adireshin shiga. Ya buɗe shi a wayarsa, ya nemi jerin na'urorin da ke haɗe, ya ƙirga, ya gwada da abin da yake zato. Ku aiko mana da lambobin biyu ta saƙon tes, ban da sunan shago, ban da kalmar sirri. Da su za mu buɗe shiri na gaba, inda za mu zauna kan kyamarorin tsaro da tambayoyin da ya kamata a yi wa mai haɗa su tun bai karɓi cikon kuɗinsa ba.

 

(Kiɗan rufe shiri.)